Zangon motocin kwana a Findhorn: yadda wani ƙauyen bakin teku ya shata wa baƙinsa wuri

Hanyar da ta tashi daga garin Forres ta bi ta Kinloss, da ta isa Findhorn sai ta ƙare. Gaba babu komai sai yashi da ruwa. Ƙauyen yana arewa maso gabashin Sikotland, a yankin Moray, a kan wani siririn harshen ƙasa: ta yamma akwai tafkin da kogin Findhorn ke zubewa a ciki kafin ya faɗa teku, ta arewa kuma tekun ne da kansa, da gaɓar rairayi da ta miƙe kimanin kilomita 11 har zuwa Burghead. Mazauna ƙauyen ba su kai dubu ba. Duk motar da ta shigo, ko dai ta juya ta koma ta inda ta fito, ko ta nemi wurin tsayawa. Wannan rashin ɓullewar hanya shi ne mafarin duk abin da za a faɗa a nan.

Motar da ake magana a kanta ita ce wadda Turawan Ingila ke kira motorhome, mu ce mata motar kwana. Babbar mota ce, tsawonta mita 6 zuwa 7 ko fiye, a ciki akwai gado da murhun gas da firji da wurin wanka da masai. Yawancinsu ba su wuce nauyin kilo 3,500 ba, don haka lasisin tuƙin ƙaramar mota ya wadatar, kuma duk wanda ke da kuɗin haya zai iya karɓar makulli a Inverness ko Edinburgh ya kama hanya, ko da bai taɓa tuƙa abu mai girman haka ba. Masu tallarta suna cewa ba ta buƙatar kowa, gida ce mai tafiya da ƙafarta. Gaskiya ne, amma na kwana biyu ko uku. Tankin ruwan sha yana ɗaukar wajen lita 100. Akwai wani tankin da ke tara ruwan wanka da na wanke-wanke. Sannan akwai ɗan akwatin masai da ake zarowa ta gefen mota, wanda bai wuce lita 17 zuwa 20 ba, mutum biyu kan cika shi cikin kwana biyu zuwa uku. Da ya cika, dole a zubar. Duk rigimar motocin kwana a ƙauyukan bakin teku, idan aka tone ta har saiwa, a kan wannan ɗan akwatin take.

Ba a ko'ina ake juye shi ba. Ana zuba masa wani sinadari mai kashe wari, wasu nau'insa kuma suna kashe har ƙwayoyin halittar da ke narkar da ƙazanta a cikin sokawe. Ƙauyuka da dama a arewacin Sikotland da sokawe suke aiki, ba su da babban bututun gari. Mutum ɗaya ya juye akwatinsa a banɗakin jama'a, yana ganin ya yi abin kirki tun da bai zubar a daji ba, sai ya lalata ramin da ƙauye duka ke dogaro da shi. Wanda bai da ko wannan kunyar kuma, ya juye a kwata ko bayan tudun yashi da dare.

Ƙauyen da ya san halin yashi

Mutanen Findhorn ba sa wasa da maganar tuddan yashi, kuma tarihi ne ya koya musu. Ƙauyen da ake gani yau ba shi ne na asali ba. Wanda ya gabace shi yana can wajen mil guda arewa maso yamma, ruwa ya cinye shi a farkon ƙarni na 18 lokacin da kogin ya fasa sabuwar hanya zuwa teku. A tsallaken tafkin kuma akwai Culbin, wanda a da gandu ne mai gonaki da gidan mai gandu. A 1694 guguwa ta tayar da rairayi ta binne shi. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne mutane sun yi ta tumɓuke ciyawar da ke riƙe da tuddan don yin jinka, kamar yadda ake yankan shuci, har yashin ya rasa abin da zai kama. A shekarar da ta biyo, 1695, majalisar Sikotland ta lokacin ta kafa dokar hana tumɓuke wannan ciyawa. Culbin ya zauna hamada sama da shekara ɗari biyu, sai daga shekarun 1920 hukumar gandun daji ta dasa masa itatuwa. Duk wanda ya ga yadda rairayi ke cin gona a Yusufari ko Gure ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tayar mota mai nauyin tan uku da rabi a kan wannan ciyawa, da wutar da ake hurawa a kanta da dare, aikin tumɓukewa suke yi, sai dai a hankali.

A da Findhorn tashar jiragen ruwa ce mai ciniki da ƙasashen Turai, har an taɓa shimfiɗa mata layin dogo daga Kinloss a 1860, wanda bai yi shekara goma yana ɗaukar fasinja ba. Daga baya kamun kifin salmon ya riƙe ƙauyen, shi ma ya mutu a shekarun 1980. Rumbun ƙanƙarar da ake adana kifin yanzu gidan tarihi ne. Sansanin sojin sama na Kinloss, wanda ya ciyar da gidaje da yawa a yankin, ya daina tashin jirage a 2011, aka miƙa shi ga sojin ƙasa a 2012. Abin da ya rage wa ƙauyen shi ne kyansa: jirage masu tafiya da iska a tafki, dolfin da ke giftawa a teku, shaho mai kamun kifi da bazara, dubban dinya da ke sauka da kaka, da hanyar masu tafiya a ƙafa da ta bi gaɓar Moray har Cullen. Wato baƙi ne kasuwar.

Akwai ma abin dariya a ciki. Sunan Findhorn ya zaga duniya ne saboda wata jama'a masu neman rayuwar ruhi da kare muhalli, wadda ta samo asali a watan Nuwamban 1962, lokacin da Peter Caddy da matarsa Eileen da abokiyarsu Dorothy Maclean suka rasa aikinsu na otal, suka ja ɗakinsu mai taya suka ajiye a sansanin da ke bakin ƙauyen. Ƙauyen da ɗaki mai taya ya yi wa suna, shi ne bayan shekara hamsin da wani abu yake neman yadda zai yi da ɗakuna masu taya.

Abin da doka ta ce, da abin da baƙi suka ɗauka ta ce

Sikotland tana alfahari da dokar gyaran mallakar ƙasa ta 2003, wadda ta ba kowa 'yancin ratsa kusan kowace ƙasa da ƙafa ko keke ko doki, har ya kafa ɗan tanti ya kwana, muddin bai yi ɓarna ba. Labarin wannan 'yanci ya bazu a intanet, aka riƙa tallata ƙasar a matsayin inda za ka kwana inda ka ga dama. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dokar ta cire abin hawa mai inji ƙarara. Mai motar kwana ba shi da wannan 'yanci ko kaɗan. Dokar hanya ta 1988 ma ta haramta shiga da mota cikin filin da ba hanya ba ba tare da izini ba, in ban da ɗan rangwamen yadi 15 daga bakin titi don ajiyewa. A ɗaya gefen kuma, babu dokar da ta hana mutum barci a cikin motarsa a gefen titi gaba ɗaya. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi da babu mai tsaronsa, kuma 'yan sandan karkara suna da abin da ya fi musu wannan.

Shi kuwa mai son buɗe wurin kwana na halal, dokar 1960 ta sansanonin ɗakuna masu taya ta ɗora masa neman izinin gini da lasisi, da barin tazara tsakanin motoci saboda gobara. Don haka a Birtaniya abu biyu ne kawai aka saba da su: cikakken sansani mai wanka da lantarki da tsada, ko kuma gefen titi kyauta. Na tsakiya ba shi da yawa. A Faransa kuwa na tsakiyar ne ya fi yawa. Dubban garuruwa da ƙauyuka sun keɓe ɗan fili da suke kira aire, da famfo da ramin zubar da ƙazanta, kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, kusa da gidan burodi da kasuwa. Jamus ma tana da irinsa. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan tunani, domin shi ne zango. Ayarin fatake ba a cikin gari yake sauka ba, ba kuma a cikin gonar mutane ba. Akwai wurin da aka sani, kusa da ruwa, da mai kula da shi, ana biyan abin da aka yanka, a sayi abinci wurin matan gari, gari ya waye a ɗaura kaya. Shi ya sa a wannan rubutu na zaɓi kalmar.

Matsin ya fara tsananta daga 2015, lokacin da aka ƙaddamar da hanyar yawon buɗe ido ta North Coast 500, mai tsawon mil 516, wadda ta tashi daga Inverness ta zagaye arewacin ƙasar ta dawo. Findhorn ba ya kan wannan hanya, amma tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce daga Inverness, kuma wanda ya yi hayar mota na mako guda yakan nemi inda zai ƙarasa kwanakinsa. Sai annobar korona ta zo ta ƙarasa. A watan Yulin 2020 aka sassauta kulle, ƙasashen waje ba sa shiguwa cikin sauƙi, mutanen Birtaniya suka fantsama cikin ƙasarsu. Sansanoni da yawa sun rage yawan baƙi ko sun ƙi buɗe banɗakunansu, banɗakunan jama'a da dama a rufe. A wannan bazarar jaridun Sikotland sun cika da hotunan shara da bahaya a bakin teku da gefen tafkuna, har majalisar dokoki ta yi muhawara a kai. Adalci dai, ba masu motocin kwana kaɗai ba ne. Da yawan ɓarnar ta masu tanti ce da ƙananan motoci marasa masai. Amma farar babbar mota ita ido ke gani daga nesa, ita ta ɗauki laifin.

A Findhorn, filin ajiye motoci na bakin teku ya daɗe yana karɓar masu kwana ba tare da wani tsari ba. Babu iyakar yawa, babu iyakar kwanaki, babu tazara tsakanin mota da mota duk da kowace tana ɗauke da tukunyar gas. Ƙauyuka da yawa da suka sami kansu a wannan hali sun yi abin da ya fi sauƙi: suka kafa ƙarfe a saman ƙofar fili yadda doguwar mota ba za ta shige ba, suka manna allon hana kwana. Motocin ba su ɓace ba. Sun matsa zuwa ƙofar maƙabarta, ko bakin gonar wani, ko ƙauye na gaba.

Wa ke da ƙasar?

Abin da ya bambanta Findhorn ya faru ne shekaru kafin korona, kuma ba don motoci aka yi shi ba. A Sikotland mallakar ƙasa a hannun 'yan tsiraru take. Wata ƙididdiga da ta shahara a 2013 ta nuna masu mallaka 432 ne ke riƙe da rabin ƙasar karkara da ke hannun masu zaman kansu. Yawancin filayen da ba a gina ba a Findhorn, har da lungunan da ke tsakanin tsofaffin gidajen masunta da tuddan bakin teku, na gandun Novar ne, wanda hedikwatarsa ke can kusa da Evanton, nesa da ƙauyen. Mutum ya buɗe ƙofar gidansa ya taka ƙasar wani da bai taɓa gani ba.

Tun bayan da manoman Assynt suka sayi ƙasarsu a 1993, mutanen tsibirin Eigg suka bi sahu a 1997, sayen ƙasa da sunan al'umma ya zama hanyar da aka sani, gwamnati kuma ta kafa asusu na musamman don tallafa masa. Mutanen Findhorn sun kafa kamfaninsu mai suna The Findhorn Village Conservation Company a 2011. Ba kamfanin riba ba ne. Mazauna ƙauyen ne mambobi, su ke zaɓen shugabanni, shugabannin kuma aikin sa kai suke yi. A 2016, da tallafin sama da fam rabin miliyan daga asusun ƙasa na Sikotland, kamfanin ya sayi filayen Novar, wajen hekta 60. Filin ajiye motocin bakin teku yana ciki.

Mallaka tana zuwa da nauyinta. Ramin da ke kan hanyar zuwa bakin teku yanzu nasu ne, shara tasu ce, idan wani ya faɗi ya karye su za a nema. Ga ƙaramar hukumar Moray tana fama da ƙarancin kuɗi, tana janye hannu daga banɗakunan jama'a, har kula da na bakin tekun Findhorn ya dawo wuyan kamfanin. Tallafin gwamnati na sayen ƙasa ne, ba ya biyan mai wanke banɗaki kowace safiya. Kamfanin yana buƙatar kuɗin shiga na dindindin, ga kuma motoci suna kwana kyauta a filinsa kowane dare. Wanda ya haɗa waɗannan biyun bai yi wata dabara mai zurfi ba, amma sai mai ƙasa ne zai iya haɗa su. Da filin na mai gandu ne a nesa, da ya sa ƙarfe ya huta. Da na ƙaramar hukuma ne, da kuɗin ya tafi Elgin, hedikwatar Moray, ya shige babban asusu.

Yadda zangon yake

A 2021 aka buɗe shi a ɓangaren yamma na bakin tekun. Gurbi 21 ne, an daddaɓe ƙasan, an shata kowane da tazara a tsakani. Ba a zuwa haka kawai. Mutum zai kama gurbi ta intanet, ya biya, ya shigar da lambar motarsa. A ƙofa akwai shinge da kyamara mai karanta lambar mota: wadda ta biya shinge ya ɗaga mata, wadda ba ta biya ba ta tsaya a waje. Kwana biyu ne iyaka. Akwai ruwan sha, akwai wurin zubar da ruwan wanke-wanke, akwai wurin juye akwatin masai, banɗakin jama'a kuma yana kusa. Babu lantarki da za a jona wa mota.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilinsa, kuma a ganina dalilan sun fi ginin kansa muhimmanci. Shingen mai kyamara ya ɗauke wa 'yan sa kai aikin da ya fi kowane ɗaci, wato zuwa da magariba a ƙwanƙwasa gilashin baƙo a ce ya biya ko ya tashi. Tsohuwa mai shekara saba'in da ta yarda ta zauna a kwamiti ba ta yarda ta zama 'yar kamasho ba. Na'ura ba ta jin kunya, ba a yi mata magiya, ba a zage ta. Kama gurbi tun kafin a taso kuma yana da amfani na musamman a ƙauyen da hanyarsa ba ta ɓullewa: wanda ya duba waya ya ga wuri ya cika ba zai shigo da mota mai mita bakwai cikin lungunan da aka yi don amalanke ba, ya zo yana neman inda zai juya.

Iyakar kwana biyu da rashin lantarki kuwa sulhu ne da maƙwabta. Findhorn yana da sansanonin kasuwanci tun da daɗewa, masu wanka da lantarki da wurin wanki. Da zangon ya ba da duk wannan a farashi mai rahusa, da ya ƙwace musu abinci da kuɗin tallafin jama'a, kuma da ƙauyen ya rabu biyu. Yadda aka tsara shi, wanda ke son hutun mako guda da 'ya'yansa dole ya nufi sansani. Zangon na mai wucewa ne. Kwana biyun ma ya yi daidai da cikar akwatin nan da ƙarfin batirin mota. Lissafi mai sauƙi: gurbi 21 a wata mai kwana 30 ya ba da kwana 630, idan kowa ya cinye kwana biyunsa motoci 315 ke nan a wata idan wuri ya cika. Da babu iyaka, motoci 21 ne za su kafe tun farkon bazara, sauran su watsu cikin ƙauye.

Sai wurin da aka sa shi. Tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa zuwa gidajen abinci irin su Crown and Anchor da Kimberley Inn, da shagon ƙauye. Ana yawan zargin masu motocin kwana da cewa sukan cika firji a manyan kantunan Inverness ko Elgin, su zo ƙauye ba su bar komai ba sai shara. Zargin yana da tushe, domin motar an yi ta ne don kada mai ita ya buƙaci otal ko gidan abinci. Amma mutumin da ya san motarsa tana wuri na halal, ba ya fargabar a kore shi, ba zai sake tuƙi ba sai gobe, shi ne ke kulle ƙofa ya taka zuwa cikin gari ya ci kifi. Wanda ya laɓe a gefen titi kilomita biyar daga gari yana dafa taliyarsa ne a ciki. Ana cewa baƙo raɓa ne, amma wannan raɓar sai an saukar da ita kusa da shuka take amfani.

Kwatanci da maƙwabciya

Don a ga abin da Findhorn ya yi daidai, a dubi abin da ƙaramar hukumar Highland, maƙwabciyar Moray ta yamma, ta gwada a watan Yulin 2024. Ta fito da takardar izini ta fam 40 na kwana bakwai, ta ganin dama ce ba dole ba, wadda ke ba mai motar kwana damar kwana a filayen ajiye motoci goma sha biyu na hukumar da yin wanka a cibiyoyin wasanninta. An yi hasashen fam 500,000 a shekara. Abin da ya shigo ko kusa da haka bai je ba. Masu sansanoni suka yi caa, suna cewa hukumar da ke tilasta musu lasisi da tazarar gobara da haraji ita ce kuma ta buɗe musu kishiya a filin da bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan ba. Mazauna wasu ƙauyukan suka ce ba a tambaye su ba. Masu motocin kuma suka ga babu dalilin biyan kuɗi a kan abin da suke samu kyauta, tun da yawancin filayen ba su da wurin juye masai. A ƙarshen wannan shekarar ne kamfanin littattafan tafiye-tafiye na Fodor's ya sa North Coast 500 cikin jerin wuraren da yake ba matafiya shawarar su ɗan ɗaga wa ƙafa a 2025.

Highland ta sayar da izini, Findhorn ya sayar da hidima. Na farko an tsara shi daga ofis a Inverness don yanki mai faɗin kusan kashi ɗaya cikin uku na Sikotland, na biyu kuma mutanen da ke jin ƙarar injin ta tagar ɗakinsu ne suka yanke adadin 21. Idan mutumin Findhorn bai ji daɗin tsarin ba, ya san gidan wanda zai je wa, kuma yana da ƙuri'a a taron shekara.

Fotugal ta bi wata hanyar dabam, ta sanda. A watan Janairun 2021 ta haramta kwana a motar kwana a ko'ina in ba wurin da aka keɓe ba, bayan shekaru na koke daga gaɓar Algarve da Alentejo. Kafin shekarar ta ƙare aka sassauta zuwa awa 48 a cikin ƙaramar hukuma guda, amma haramcin ya ci gaba a wuraren da aka killace don kare muhalli da bakin teku. Hani ba tare da isassun zanguna ba bai daɗe a yadda aka fara shi ba.

Abin da zangon bai warware ba

Kada a ɗauka Findhorn ya huta. Tsarin ya rataya ne a wuyan 'yan sa kai, yawancinsu masu ritaya, a ƙauyen da gidaje da dama suka zama na hutu, ana kunna fitilarsu 'yan makonni a shekara. Shinge ya lalace ranar Asabar da dare, wani ne zai bar abincinsa ya fita. Kuma ko motocin kwana sun kawo kuɗi, ba su ne ke sa ɗan ƙauyen ya kasa sayen gida a inda aka haife shi ba. Wannan ciwon ya fi na akwatin masai zurfi, shi ya sa daga Afrilun 2024 aka ba ƙananan hukumomin Sikotland ikon ninka harajin gida a kan gidajen hutu. Haka nan ba kowane mazauni ne ke son ganin fararen motoci a jere bayan tudun yashi ba, ko sun biya ko ba su biya ba. Ƙauyen da ya yi doguwar jayayya a kan 'yan bukkokin katako masu launi da aka jera a bakin tekun ba zai rasa masu ƙorafi a kan wannan ba.

Sannan akwai mota ta 22. A tsakiyar Yuli, idan gurbi ya cika, mai ita yana da zaɓi: ya biya sansani, ko ya koma ya sami wani lungu a hanyar Kinloss ko bakin dajin Roseisle. Ikon kamfanin ƙauyen ya tsaya a iyakar ƙasarsa. Gwamnatin Sikotland ta kafa asusun gina kayan more rayuwa na yawon buɗe ido a karkara tun 2017, da fam miliyan 6 a farko, kuma an gina banɗakuna da wuraren juye ƙazanta da shi a wurare da dama, amma har yanzu tazarar da ke tsakanin wani zango da wani ta fi ta Faransa nesa ba kusa ba. A 2024 majalisar dokoki ta zartar da dokar da ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar haraji a kan kwanan baƙi, Edinburgh kuma ta sa nata kashi 5 cikin ɗari daga Yulin 2026. Harajin yana hawa kan wanda ya biya kuɗin masauki, a otal ko a sansani. Wanda ya ja birki a gefen titi ya ja labule ba ya cikin lissafin.